Daga Gizago Zuwa Injin Tsaga Katako

Duk wanda ya tsaya a rumfar kafintoci ko a garejin kanikawa, a Kano ne ko Zariya ko Gusau, ya kasa kunne ga abin da maigida yake faɗa wa yaransa tun daga hantsi har zuwa azahar, zai ji Hausa ce tsantsa ta wajen ginin jimla da karin murya, amma idan ya bi sunayen abubuwan da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu, sai ya tarar galibinsu baƙi ne, waɗanda mutanen zamanin Shehu Usmanu ba su taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ana neman cizal, ana cigiyar sukudireba, ana yi wa yaro faɗa saboda ya ɓatar da sifana goma, ana aiken wani ya sayo samfefa da gam da ƙusa inci uku. Kuma a cikin masu furta waɗannan kalmomi babu wanda yake jin Turanci yake yi, domin a wurinsu sunayen kayan aiki ne kurum, waɗanda suka tashi suka tarar ana faɗa. Wannan canji ya auku ne cikin shekara ɗari da 'yan kai, kuma ya cancanci a waiwaye shi a natse, saboda a cikin sunayen nan ne mutum zai karanta yadda sana'ar hannu ta sake kama a ƙasar Hausa.

Kafin zuwan Turawa aikin icce a hannun masassaƙa yake, kuma alatunsu ba su da yawa: gatari na sara, gizago na sassaƙa, kurfi na fafe ciki, sai wuƙa ta gyaran baki, da ƙarfen da ake sa wa a wuta don huji ko zane. Dukkansu maƙerin gari ne yake ƙera su, shi kuwa masassaƙi shi ne mai yi wa kayan maƙeri ƙota, har ya zamana babu ɗaya daga cikin sana'o'in biyu da take tsayawa ba tare da 'yar'uwarta ba. Farkon ilmin masassaƙi sanin itatuwa ne da ɗabi'unsu. Ya san ƙirya ita ce ta turmi da taɓarya saboda taurinta, kuma gawayinta ne maƙera suka fi so. Ya san aduwa ita ce ta allon almajirai, domin tana yin santsi ta karɓi tawada, a wanke a sake rubutu shekara da shekaru. Ya san maɗaci da maje suna ba da babban gungume wanda za a fafe jirgin ruwa a cikinsa. Na ga masu wannan aiki a ƙauye tun ina yaro, kuma har yau ban manta da yadda suke yinsa ba. Mutum ne zaune a gindin bishiya, ya jingina gungume tsakanin ƙafafunsa, yana sauke gizago a hankali, kowane sara yana ɗauke sassaƙe ɗan kaɗan, yana juya iccen da ƙafa, bai ja layi ba, bai ɗauko wani ma'auni ba, sai dai jifa-jifa ya shafa jikin iccen da tafinsa, ya karkata kai ya duba, ya ci gaba. Idan ya zo fafe cikin turmi sai ya miƙe tsaye ya ɗauki kurfi, yana sara yana ƙwanƙwasa gefen turmin da yatsa, saboda ƙarar da icce ya bayar ita take shaida masa kaurin da ya rage.

Asalin wannan sana'a ragewa ce. Turmi da akushi da muciya da kujerar tsugunne, kowannensu daga icce guda yake fitowa, ana cire abin da ba a so har abin da ake so ya bayyana, don haka babu bukatar wani gefe ya dace da wani gefe, balle a nemi ma'aunin da ya wuce ido da kamu da taƙi da gaba. Inda aka bukaci haɗa itatuwa, kamar manyan ƙyamaren ƙofofin birni waɗanda ake iya ganin wasunsu a Gidan Makama a Kano, maƙeri ne yake ɗaure su da maɗauran ƙarfe da manyan ƙusoshi. Rufin soro kuwa aikin magina ne, da azarar giginya wadda gara ba ta cika damunta ba, kuma da ita ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakunan masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, abin da har yanzu masana gini suke zuwa kallo daga nesa. Saboda haka babu mai cewa mutanen dā sun rasa hikima. Hikimarsu dai ta bi wata hanya ce wadda ba ta ratsa ta kan zarto da inci ba.

Kuma aron suna tare da aron kaya ba bidi'a ba ce a wurin Bahaushe. Allura da almakashi da alƙalami da allo da sunduƙi da mizani duk daga Larabci suka zo, ta hanyar fatake da malamai, har wasunsu suka shigo da alif da lam ɗinsu a manne, kuma babu wanda yake ganinsu bare a yau. Su kansu Larabawa malaman luggarsu sun keɓe babi ga kalmomin da suka karɓo daga Farisa da Rum, suna kiransu mu'arrabi, har Jawaliƙi ya wallafa littafi sukutum a kansu. Haka nan sana'ar da ake magana a kanta tana da daraja a wurin ma'abota ilmi, domin Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya haɗa jirgi da katako, kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi Zakariyya aikin katako yake yi, malaman fiƙihu kuwa sun lissafa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsu cikin farillan kifaya. Ibn Haldun a cikin Muƙaddimarsa ya keɓe fasali ga wannan sana'a, inda ya nuna cewa ba ta cika sai da sanin handasa, watau ilmin awo da siffofi. Kuma wannan magana tasa ita ce mabuɗin fahimtar abin da ya faru a nan bayan shekara ɗari biyar da yinta.

Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma tun ba a daɗe ba aka shiga shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro a bakin Kwara, wadda ta iso Kano a 1911. Dubban talakawan da hakimai da dagatai suka tura wannan aiki, da yawansu ba da son ransu ba, suna cikin farkon Hausawan da suka riƙe kayan aikin Bature a hannu, kuma kalmomin da suka koma gida da su suna ɗauke da nauyin abin da suka sha: diga, shebur, baro, lebura. Har sunan diga ya wuce kan ƙarfen haƙa ya koma sunan aikin baki ɗaya, ana cewa wane ya tafi diga. Amma masu riƙe da kayan gwaninta a wannan lokaci, watau kafintoci da birkiloli da masu gyaran inji, galibinsu mutanen kudu ne, Yarabawa da 'yan Saliyo da 'yan Gwalkwas, waɗanda suka koyi sana'a a makarantun mishan da ma'aikatun gwamnati na bakin teku, suka biyo jirgi suka zauna a Sabon Gari. Wannan yana da muhimmanci, domin yawancin sunayen nan ba daga bakin Bature kai tsaye Bahaushe ya ɗauke su ba. Daga bakin waɗannan magidanta ya ji su, bayan an riga an lanƙwasa su sau ɗaya, shi kuma ya ƙara lanƙwasa su yadda harshensa zai iya ɗauka.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nasarawa ta Kano, kuma a cikinsu akwai sashen koyon sana'a inda ake koyar da aikin katako da ƙira da dukanci. Daga baya ma'aikatun En'e na manyan garuruwa suka kafa nasu wuraren aiki, suna ɗaukar yara suna horar da su. Abin da ya raya sana'ar kuwa bukata ce sabuwa wadda mulkin ya zo da ita: ofis yana son tebur da kabad da durowa, makaranta tana son benci da babban allo, asibiti da kotu da kurkuku suna son ƙofofi da tagogi masu firam. Sannan kwanon rufi ya shigo, shi kuwa ba ya zama a kan azara yadda ƙasa take zama, sai an yi masa ƙashi na katako tsagagge an buga shi da ƙusa. Ta haka kafinta ya hau kan gini ya karɓe rabin aikin da a dā na magini ne shi kaɗai. Dazuzzukan arewa ba su da dogayen itatuwa miƙaƙƙu da za su ishi wannan bukata, don haka jirgin da yake saukar da gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku shi yake hawowa da katakon kurmi, kuma bayan yaƙin duniya na biyu babbar masana'antar Sapele ta riƙa fitar da falankin da ake mannawa falle-falle, wanda ya sauƙaƙa yin kabad da silin.

A nan ne ainihin canjin yake, kuma a nan ne ya kamata mai nazari ya daɗe. Aikin kafinta yankawa ne da haɗawa: ƙafa huɗu ta tebur la budda su zama tsawo ɗaya, ƙofa la budda ta shiga firam ɗinta, harshen da aka fitar a bakin wannan katako la budda ya cika ramin da aka sara a jikin wancan, in kuwa aka sami saɓanin da bai kai faɗin farce ba, aikin zai yi gurgunta ko ya ƙi rufuwa. Kamu ba ya iya wannan, domin kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. Saboda haka zarto bai zo shi kaɗai ba. Ya zo tare da tef da rula da sukwaya da lebur da fensir a bayan kunne, ya zo da inci da rabinsa da kwatansa, kuma yaron da bai taɓa shiga aji ba ya wayi gari yana lissafin ɓangarori da ka, abin da a dā sai malaman hisabi da masu rabon gado. Har yau idan ka shiga kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano za ka ji wannan lissafi yana gudana. Kafinta zai ce, "Alhaji, a ba ni tu-bai-fo guda ashirin da tu-bai-tu talatin, amma don Allah a zaɓo mini busasshe, kada a haɗa da mai ɓawo." Mai kaya ya amsa, "Malam, shiga ka zaɓa da hannunka. Sai dai ka sani wanda ya cika awo kuɗinsa daban." Su biyun sun fahimci juna sarai: tu-bai-fo inci biyu ne kauri, inci huɗu faɗi, tsawo ƙafa goma sha biyu, kuma sun san cewa katakon da ake tsagawa yanzu sau da yawa ba ya kai sunansa. Nijeriya ta koma awon mita tun a shekarun 1970, amma katako da ƙusa da falanki mai ƙafa huɗu da takwas sun tsaya a kan incinsu, saboda da shi aka koya wa magabatan masu sana'ar, su kuma da shi suka koya wa na bayansu.

Yadda harshe ya sarrafa waɗannan sunaye abin sha'awa ne ga mai son lugga. Hausa ba ta yarda baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma ba tare da wasali ba, don haka ta raba su, aka sami sifana da sukudireba da filaya da fulogi da birki. Ba ta cika son kalma ta ƙare a kan baƙi ba, sai ta ƙara mata wasali, aka sami benci da fenti da noti da inci. Sautin da ba ta da shi kuwa ta musanya shi da makusancinsa, kamar yadda ya faru ga famfo da bawul da direba. Bayan haka ta ba su jam'i irin nata, ana cewa kafintoci da injuna da tebura, alamar sun zama 'yan gida. Mafi ban mamaki shi ne abin da ya sami makaniki, wanda Hausawa suka mayar da shi bakanike, jam'insa kanikawa, sana'arsa kanikanci, daidai da yadda ake cewa Bakatsine da Katsinawa da Katsinanci, kamar dai wata al'umma ce da take da garinta. Babu hukumar da ta zauna ta tsara wannan. Kunne ne da baki suka yi shi a gindin mota.

Ba kowane suna ne ya ba da wuri ba. Zarto da ƙusa da magagari da katako ba su bar wa Turanci gurbinsu ba, guduma kuma tana nan kafaɗa da kafaɗa da hama, kuma a ganina dalili shi ne duk abin da yake da ɗan'uwa a maƙera ko a cikin gida tun dā, sunan ɗan'uwan ne ya rufe shi. Inda kuwa na'ura ta zo da aikin da kowa ya gane, sai aka ari kalmar inji ɗaya tak aka jingina mata aikin da Hausa: injin niƙa, injin markaɗe, injin ban-ruwa, injin tsaga katako. Wannan hanya ta biyu ta fi amfani ga mai koyo, saboda sunan yana faɗa masa abin da na'urar take yi.

Mota ita ta kawo ambaliya mafi girma. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 akwai direbobi da masu gyara a cikinsu, manyan motocin ɗaukar gyaɗa suka yawaita, kuma kowane ƙarfe na cikin inji ya zo da sunansa: giya, kuloci, kafireto, lagireto, salansa, sitiyari, totur. Lokacin da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kanikawa suka saba da sifanu masu awon milimita, sa'annan motocin Japan suka zo da nasu notunan, har ya zama tsohon bakanike yana iya gaya maka ƙasar da mota ta fito daga sifanar da ta kama ta, ko sha uku ce ko sha biyu da sha huɗu. Iyakar da Ingila da Faransa suka ja tsakanin Katsina da Maraɗi, da tsakanin Daura da Damagaram, ta ratsa har cikin akwatin kayan aiki, domin abin da bakaniken Katsina yake kira fulogi ɗan'uwansa na Maraɗi buji yake ce masa, sifana kuma kile, alhali kuwa uwa ɗaya ce ta koya musu magana. Waɗanda suke aiki a bakin iyaka dole suka haddace duka biyun.

Masana ba su yi barci ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tsare mana ɗimbin kalmomin masassaƙa da maƙera waɗanda ba don shi ba da yanzu sun ɓace, na Abraham ya biyo baya a 1949, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi aikin daidaita kalmomin aro da isɗilahohin fannoni, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamus na Hausa zuwa Hausa a 2006. Duk wannan aiki ne mai girma, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi. Amma ƙamus suna yake tsarewa, kuma abin da yake damuna ya wuce suna. Ilmin da yake bayan sunan, watau dalilin da ya sa ake yin abu haka ba haka ba, an bar shi cikin Turanci, a littattafan da mai sana'a ba ya karantawa. Sai al'amarin ya rabu gida biyu: a makarantun fasaha, irin wadda aka fara a Kaduna a 1956 ta zama kwalejin kimiyya da fasaha a 1968, ana koyar da ƙa'ida da Turanci ga waɗanda yawancinsu ofis za su nufa, a rumfa kuwa ana koyar da hannu da Hausa ga waɗanda ba a rubuta musu komai ba. Lokacin da aka shigo da sabon tsarin sakandare a 1982, gwamnati ta sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen Turai ta raba wa makarantu, kuma sananne ne cewa da yawansu sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin kafa su, babu wutar lantarki, babu malamin da ya san su. A daidai wannan lokaci kuwa, a bayan katangar makarantar, akwai kafintan da zai iya tayar da su cikin yini guda in da an kira shi.

Illar wannan rabuwa a jikin mutane take bayyana. Injin tsaga yana zuwa da murfin da yake kare hannu, da wani ƙarfe a bayan faifan zarton wanda yake hana katako matse shi ya harbo baya, kuma takardar da ta zo da injin ta yi bayanin su biyun. Amma da yake babu mai karanta ta, sau da yawa sai a kwance su a ajiye don a ga suna rage sauri, kuma duk wanda ya zagaya wuraren tsaga katako ya ga samari masu guntayen yatsu. Faifan injin wasa ƙarfe an rubuta a jikinsa iyakar gudun da zai iya ɗauka kafin ya tarwatse. Gwangwanin tina da na fentin feshi an rubuta a jikinsu kada a shaƙa, kada a kusantar da wuta. Yaro ya san sunan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, yana furta shi daidai yadda maigidansa yake furtawa, amma gargaɗin da aka buga a jikin abin da yake riƙe da shi a kullum bai taɓa isa kunnensa da harshen da yake ji ba. Kiyaye rai da gaɓoɓi yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma ina ganin haƙƙin wannan yana kan mu masu alƙalami fiye da yadda yake kan masu guduma.

Akwai kuma ilmin da kafintocin farko suka tara da kansu, wanda shi ma ba a rubuta ba. Wasa zarto misali ne. Tsohon kafinta zai matse zarton tsakanin katako biyu, haƙoran suna kallon sama, ya ɗauki ƙaramin magagari mai kusurwa uku ya bi su ɗaya ɗaya, kowane haƙori shafa biyu ko uku ba ƙari, sa'annan ya dawo ya karkata su, wannan dama wancan hagu, don hanyar da zarton zai buɗe ta ɗan fi kaurinsa faɗi, kada katako ya riƙe shi. In yaro ya tambaya, sai ya ce, "Kai dai duba hannuna, ɗan nan." Yaron kuwa ya amsa, "To, Baba," ya ci gaba da kallo har hannunsa ya gane. Yanzu ana sayar da zarto mai haƙoran da aka ƙona suka yi taurin da magagari ba ya kama su, in ya dakushe sai a yar a sayi wani, don haka masu iya wannan aiki suna ta raguwa. Haka haɗin harshe da rami, wanda yake riƙe kujera shekara arba'in, ya ja baya a gaban ƙusa da gam, musamman tun da aka shiga aiki da allunan garin katako da ake matsewa a masana'anta, masu kyan fuska, waɗanda suke kumbura da zarar ruwa ya taɓa su.

Sunayen da suke shigowa a wannan zamani ma sun bambanta da na dā. Injunan hannu masu lantarki da masu batir, galibinsu ƙirar Sin, sun cika kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma matasan da suke sayensu sun ɗan taɓa boko, suna ganin sunan a rubuce a jikin kwali kafin su ji shi a baki, saboda haka suna faɗarsa kusan yadda yake, ba tare da harshe ya sami sararin sarrafa shi ba. Ban ɗauki wannan abin baƙin ciki ƙwarai ba, domin wanda ya daɗe zai lanƙwasu, wanda bai daɗe ba zai tafi da injinsa. Abin da ya faranta mini rai shi ne wasu daga cikin matasan nan sun fara ɗaukar aikinsu a waya suna bayani da Hausa, yadda ake yanka kusurwa, yadda ake kwance kafireto, yadda ake haɗa wayar inji, dubban mutane suna kallo suna tambaya. Kuma ta haka ilmin rumfa yake fita daga rumfa da harshen masu shi. Da ma'abota ilmin Hausa na jami'o'i za su zauna da irin waɗannan, a fitar da ƙananan littattafai masu zane, da boko da ajami, waɗanda za su karɓi cizal da sukwaya da sifana yadda masu aiki suke faɗarsu, ba tare da an ƙirƙiro musu wasu sunaye da babu mai amfani da su ba, sa'annan a bayyana ƙa'ida da gargaɗi da Hausa mai sauƙi, da an biya bashin da ya daɗe.

Sai dai idan za a fara, da masassaƙa ya kamata a fara, domin su ne lokaci ya fi ƙure wa. Injin niƙa ya rage aikin turmi, roba da silba sun kori akushi daga yawancin gidaje, itatuwan da suke dogara da su kuma suna ƙarewa, har madobiya da aka yi ta sarewa ana fitarwa zuwa Sin sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017. Har yanzu ana samunsu ranar kasuwa a ƙauyuka, a can gefe kusa da maƙera, da turame da ƙotoci da alluna a gabansu, kuma a bakinsu akwai sunan kowane irin gizago da kowane irin sara, da lokacin da ya dace a kayar da kowace bishiya, da yadda ake busar da gungume kada ya tsage. Yawancinsu dattawa ne, kuma 'ya'yan da yawa daga cikinsu sun tafi birni, wasu suna acaɓa, wasu suna koyon aiki a wurin kafintoci.